Tabo Biyu a Gida Ɗaya

Shekara arba'in ina feɗe kifi a Busan,
rumfa ta uku daga bakin teku.
Na san abin da wuƙa ke yi wa baya:
ka tsaga daga wuya zuwa wutsiya,
ka ɓamɓare tsoka daga ƙaya,
duk gwanintarka ba ka mayar da ita mazauninta.

Haka aka yi wa Dok-su, mijina,
shekarar da 'yarmu ta gama sakandare.
Hanyar jijiya ta tsuke masa a ƙugu,
taku hamsin, sai ya nemi dakali.
Suka buɗe shi tsawon tafin hannu da ɗoriya,
suka janye naman gefe da ƙugiyoyin ƙarfe
awa uku cur, don haske ya kai ga ƙashi.
Ƙafa ta warke, ban musa ba.
Amma bayan ya koma tsohuwar igiyar jirgi:
ga ta nan a naɗe, ba ta ɗaukar kaya.
Ya sayar wa ɗan gidan Hwang jirginsa.
Yanzu shi ke wanke mini akwatunan ƙanƙara,
a zaune.

Bana ciwon ya ƙwanƙwasa tawa ƙofar.
Ƙafar hagu ta riƙa mutuwa ina tsaye,
sai na sunkuya kan amalanke kafin ta farfaɗo.
Wata shida ina ɓoye masa.

Likita Eom sa'ar 'yata ce.
Ta juyo mini da hoton, ta nuna da biro.
"Huda biyu zan yi, kowace kamar ƙwayar wake,
ɗaya ta ido, ɗaya ta hannu.
Ruwa na gudana, ina kankare ƙashin da ya yi kane-kane.
Tsokar ba zan ɓare ta ba, ratsawa zan yi."

Na ce, ashe ke ma 'yar kasuwarmu ce.
Akwai kifin da ba a tsagawa:
ta baki ake zura tsinke biyu,
a murɗa, a zaro kayan ciki,
ya hau faranti cikinsa a rufe.

Ta yi dariya, sannan ta haɗiye ta.
"Ƙaramar huda ba ƙaramin aiki ba ne, Kaka.
Jijiya na kusa, rigarta kamar ɓawon albasa.
Kuma ba kowane baya ke yarda ba,
wani dole sai an buɗe."
Na ce, na mijina fa?
Ta ce, "Ban ga hotonsa ba."
Yarinyar nan ta iya shiru.

Da safe aka shiga da ni.
Kafin fitilun tashar jiragen ruwa su kama
na taka da ƙafata har taga.
Washegari ta zo da takardar gwaji,
ta ce tsoka in ta ji jiki
a cikin jini take kai ƙara,
tawa kuwa guna-guni kawai ta yi.

A gida Dok-su ya sa tabarau,
ya ɗaga mini riga, ya matso da fitila.
"Ina wurin?"
Na kai hannunsa.
Yatsa biyu suka rufe aikin gaba ɗaya.
Ya ce sauron damina ya fi wannan ɓarna,
ya yi dariya har ta koma tari.

Na juya shi.
Na bi nasa da yatsa daga sama har ƙasa,
ɗinki goma sha bakwai, ba sai na ƙirga ba,
da kwarin nan biyu a gefe
inda nama ya janye bai dawo ba.
Wurin ya fi sauran jikinsa sanyi.

Can ya ce, bai waiwayo ba,
"Gobe wa zai ɗaga akwatin kifi?"
Na ce likita ta hana ni, sati shida.
Ya sauke rigarsa a hankali.
"To, sai mu kira yaron Hwang."